Me Alexey Brodovitch ya canza a shafin mujalla?

Tambaya: Shekara biyu ke nan ina tsara shafukan wata ƙaramar mujalla. Duk inda na leƙa ana koyar da aikin nan sai na ji sunan Alexey Brodovitch, wai shi ya ƙirƙiro barin farin fili a shafi, kuma shi ya sa mujallun ado suke amfani da haruffan nan masu siraran layuka. Na gwada kwaikwayonsa, edita ya ce ɓarnar takarda nake yi. Me mutumin nan ya canza a zahiri, kuma akwai abin da zai amfane ni a yau?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin mu kai ga Brodovitch bari in fara da editanka, don ina jin yana da gaskiya. Na daɗe a wannan aiki, kuma na sha ganin shafin da aka bar rabinsa fayau da sunan gwaninta, alhali in ka tambayi mai shafin me filin yake yi a wurin sai ya hau sosa ƙeya. Ni ma na yi hakan lokacin da nake kamarka. Irin wannan fili ɓarna ce, takarda kuwa da kuɗi ake sayenta. Filin da kake gani a shafukan Brodovitch, tsohon daraktan zanen mujallar ado ta Harper's Bazaar a Amurka, yana da aikin yi, sai dai ba za ka gane aikin ba muddin shafi ɗai-ɗai kake kallo a intanet, an zaro shi daga cikin 'yan'uwansa. Kamar a ɗauko maka tsayawar da mai magana ya yi tsakanin jimla biyu ne a ce ka yaba, ba tare da ka ji abin da ya faɗa kafin nan da bayan nan ba.

Batun cewa shi ya ƙirƙiro kuwa, akwai ƙarin gishiri a ciki.

An haife shi a 1898 a daular Rasha. Sojan doki ne, ya yi yaƙin basasar ƙasar a ɓangaren da ya sha kaye a hannun 'yan Bolshebik, ya tsere ya sauka Paris a 1920 aljihu wayam. Fentin gidaje ya fara yi, daga nan ya samu shiga ƙungiyar rawa ta Sergei Diaghilev, wato Ballets Russes, yana fentin labulen bayan dandali. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa. A 1924 ya ci gasar zanen fosta ta wani bikin rawa da ake kira Bal Banal, inda Picasso ya zo na biyu. A 1930 ya haye Amurka, birnin Philadelphia, domin ya shugabanci sashen koyar da zanen talla a wata makarantar fasaha. Ka lura, ba a ɗakin dab'i ya tashi ba. Idonsa a dandalin rawa da fostocin titi ya buɗe, kuma hakan ya bi shi cikin duk abin da ya yi daga baya, da kyawunsa da aibunsa.

A lokacin da ya iso, shafin mujallar mata a Amurka yakan zo ne kamar bangon falo. Hoto a cikin akwati, an zagaye shi da zanen gefe, bayaninsa a ƙasa daidai tsakiya, kanun labari an zana shi da hannu da lanƙwashe-lanƙwashe, duk kusurwar da ta rage an cusa mata ɗan fure ko ɗan ado. Wanda ya fara rushe wannan ba Brodovitch ba ne. Mehemed Fehmy Agha ne, wanda iyayensa Turkawa ne, aka haife shi a daular Rasha shi ma. Condé Nast, mai kamfanin mujallu, ya ɗauko shi daga Berlin a 1929 ya damƙa masa Vogue da Vanity Fair. Agha ya cire akwatunan, ya shigo da haruffa marasa ƙafa, wato marasa ɗan layin ado a ƙarshen sandunansu, ya bar hoto ya malala har bakin takarda, ya shimfiɗa hoto ɗaya a kan shafi biyu. Shi ma ba daga sama ya samo ba. Makarantar zane ta Bauhaus ta riga ta yi nisa a Jamus, Jan Tschichold ya fitar da littafinsa kan sabon tsarin haruffa a 1928, a shekarar kuma mujallar VU ta fara fita a Paris da hotuna manya-manya. Ko a gidan da Brodovitch ya yi suna, Harper's Bazaar, hoton da ake cewa shi ya buɗe ƙofa, na wata mata tana gudu a bakin teku mayafinta na tashi a iska, Martin Munkácsi ya ɗauke shi a 1933, shekara guda kafin a ɗauki Brodovitch aiki. Carmel Snow, wadda ta zama babbar editar mujallar, ita ce ta nemo mai hoton.

Ita ce kuma ta nemo Brodovitch. A 1934 ta je wani baje koli na ƙungiyar daraktocin zane ta New York wanda shi ya tsara, ta ga aikinsa, ta matsa har William Randolph Hearst, mai kamfanin, ya yarda aka ba shi daraktan zane. Ya zauna a kujerar shekara 24, har 1958. A 1936 Diana Vreeland ta shigo, daga baya ta zama editar ado. Su ukun nan ne suka yi mujallar da ake ta ambato. Duk wanda ya ba ka labarin kamar mutum ɗaya ne ya yi, ya rage maka biyu bisa uku.

To me ya sa sunansa ya danne na Agha? A ganina saboda abu ɗaya ne, kuma shi ne amsar tambayarka. Brodovitch ya canza ma'aunin aikin. Kafin shi mai tsara shafi shafi yake tsarawa. Shi kuwa mafi ƙanƙantar abin da yake kallo shi ne buɗi ɗaya, wato shafin hagu da na dama a haɗe kamar yadda mai karatu yake ganinsu in ya buɗe, kuma ko buɗin ma bai ɗauke shi abu mai zaman kansa ba. Taku ɗaya ne a cikin tafiyar da ta fara daga bango ta ƙare a shafin ƙarshe.

Dubi yadda yake aikin. In hotuna suka iso, sai ya sa a wanko masa kowanne a girma daban-daban, kwafi mai arha na fotostat. Ya ɗauki almakashi da gam, ya datse wannan, ya matsar da wancan, ya gwada babba ya gwada ƙarami a kan farar takarda mai girman buɗi. In buɗe-buɗen suka haɗu sai a jera su a ƙasa, a daɓen ofis, ɗaya bayan ɗaya. Akwai hoton da aka ɗauka a ofishin Snow, tana zaune a teburinta, shi yana durƙushe a gaban shafukan da aka baza a ƙasa. Na fi koyon aiki daga wannan hoto fiye da shafukan kansu. Mutumin da ke kallon fitowa guda a baje a gabansa yana ganin abin da mai kallon allon kwamfuta ba ya gani. Zai ga cewa buɗi uku a jere duk fuska ce babba a hannun dama, ido zai gaji. Zai ga cewa bayan shafuka huɗu masu duhu ana bukatar haske. Zai ga cewa matar da ke buɗi na biyar tana kallon waje ne, tana korar mai karatu daga mujallar, in aka mayar da ita shafin hagu kuwa sai ta koma kallon rubutun. Zai ga inda ya kamata a yi hayaniya da inda ya kamata a yi shiru. Nan fentin labulen dandali ya dawo: wanda ya tsaya a bayan fage yana kallon masu rawa ya san ba a fara wasa da tsalle mafi tsawo, kuma ba a yin tsalle biyar a jere.

Da wannan idon za ka koma ka kalli farin filin. Ƙaramin hoto a ƙasan shafi, sama duk fari, ya yi ƙarfi ne saboda buɗin da ya gabace shi cike yake maƙil, hoto har bakin takarda ta kowane gefe. Filin yana ba ido numfashi, yana tura shi zuwa abu guda da ake so ya gani, wani lokaci kuma shi ne sararin da mutumin cikin hoton yake tafiya zuwa cikinsa. Abin da ya taimaka masa sosai shi ne hotunan Richard Avedon, wanda ya fara aiki da mujallar a tsakiyar shekarun 1940. Avedon yakan ɗauki mutum a gaban farin bango, to in aka buga babu akwati, farin hoton da farin takardar sai su zama ɗaya, ba ka sanin inda hoton ya ƙare shafi ya fara. Wannan salon mai yawan fari ma a ƙarshen shekarun 1940 da cikin 1950 ya kankama. Shafukansa na shekarun 1930 sun fi cika, akwai hotuna a karkace, wani kan wani kamar katin da aka watsa a tebur, akwai gefen takarda da aka yaga da hannu, akwai zanen A. M. Cassandre a bango. Shekaru ya yi yana ragewa kafin ya kai ga abin da ka fara da kwaikwayonsa.

Kar kuma ka manta wa yake biya. Harper's Bazaar mujalla ce mai kauri da talla, ta masu hannu da shuni. Shafukan gaba da na baya cike suke da tallan turare da riguna, kowane mai talla yana ihu a ɗan gurbinsa. In mai karatu ta ratso wannan kasuwa ta iso tsakiyar mujalla ta tarar da fili da natsuwa, nan take ta san ta shigo ɓangaren edita. Filin da kansa yana cewa mu ba mu matsu ba, muna da takardar da za mu bari. Mujalla mai shafi 32 da labarai 15 ba ta da wannan sukunin, kuma ba abin kunya ba ne.

Sai haruffa. A nan nake rabuwa da masu yabonsa ba ƙaƙƙautawa.

Haruffan da kake nufi su ne dangin Bodoni da Didot. Giambattista Bodoni a Parma ta Italiya ya yi aikinsa, ya rasu a 1813. Firmin Didot kuma ɗan gidan masu dab'i ne a Paris, tun shekarun 1780 ya fara sassaƙa nasa. Sun girmi Brodovitch da shekara ɗari da ɗoriya. Siffarsu ita ce sandar tsaye mai kauri, layin kwance siriri kamar gashi, ƙafafu a miƙe babu lanƙwasa. Abin da Brodovitch ya gani a jikinsu shi ne baƙi da fari masu tsananin bambanci, irin wanda ke cikin hotunan da yake bugawa, da tsayi da siranta irin na matan da ke cikin hotunan. Harafin da hoton sai suka zama kamar 'yan gida ɗaya. Tambarin sunan mujallar da Didot aka yi shi, kuma har yau in kamfanin turare ko na ado yana so a ce masa mai tsada, wannan dangin haruffa yake nufa. Wannan tasiri ne na gaske, ba mai musu.

Amma Brodovitch da idon mai zane yake kallon rubutu. A wurinsa dogon rubutu toka-toka ne mai siffa, wanda za a ajiye don ya daidaita nauyin hoto. Akwai shafukansa na shekarun 1930 da ya sa aka jera rubutu ya bi lanƙwasar rigar da ke shafin da ke fuskantarsa, ko ya karkata yadda matar ta karkata. Ka tuna da dalma ake jera haruffa a lokacin, kowane layi sai an auna masa tsawonsa daban, aikin wahala ne ga mai jerawa. A ido yana da kyau ƙwarai. A karatu kuwa layin da ke farawa a wuri daban kowane lokaci yana wahalar da ido wajen komowa. Ya tsira da wannan ne don rubutun da yake wasa da shi gajere ne, bayanin riga ne na layi goma ko ashirin. Mujallar tana buga gajerun labarai na marubuta irin su Truman Capote da Carson McCullers, kuma al'adar mujallun Amurka ita ce a buɗe labari da kyau a tsakiya, ragowar a tura shi can baya cikin talla da ƙananan haruffa. Ma'ana shafukan da ake nuna maka a matsayin darasi ba su ne ke ɗauke da nauyin karatu ba. In mujallarka ta karatu ce, ba a wurinsa za ka koyi jera dogon rubutu ba. Wannan masu tsara littafi za ka bi: layi mai harafi 45 zuwa 75, tazara wadatacciya tsakanin layuka, harafi mai jiki wanda ba ya ɓacewa.

Bari in ba ka labarin yadda na koyi wannan na ƙarshen. Wata shekara, ina cikin zazzaɓin Brodovitch kamar yadda kake yanzu, na tsara buɗin farko na wani labari da hoton dare, na ɗora gabatarwar labarin a kansa da Bodoni fari, ƙarami, lamba 9. A allon kwamfuta kamar a lasa. Takardarmu kuwa mai shan tawada ce, ba mai sheƙi ba. Baƙin hoton da launi huɗu aka haɗa shi, kowane launi da farantinsa na bugawa, kuma a injin faranti ɗaya ya ɗan goce, abin da bai kai kaurin gashi ba. Da aka kawo mini bugun farko sai na ga duk siraran layukan sun nutse. Harafin e ya koma c, H ya zama sanda biyu a tsaye ba abin da ya haɗa su. Mai kula da injin, dattijo ne, ya ɗaga takardar ya kalle ta ya kalle ni, ya ce shin shinge na zana ko rubutu. Sai da aka sake faranti, aka cire kuɗin daga kasafin fitowa ta gaba. A wannan buɗin dai, don abin ya cika, na sa fuskar mutumin daidai tsakiya, inda ake ɗinke mujalla, ɗinki ya cinye masa hanci.

Laifin ba na Bodoni ba ne. A zamanin dalma kowane girman harafi daban ake sassaƙa shi, ƙaramin a ƙara wa siraran layukansa kauri, babban a bar su su sirance. Kwamfuta kuwa zane ɗaya take ɗauka ta hura shi ko ta tsuke shi. Shi ya sa da Harper's Bazaar ta tashi komawa ga wannan salo a farkon shekarun 1990, aka sa Jonathan Hoefler ya zana mata sabon Didot a girma bakwai, daga 6 har 96, kowanne da kaurin layinsa. In za ka yi amfani da dangin nan, ka nemi wanda aka zana don ƙaramin rubutu, ko ka bar su a kanun labari kawai, manya, baƙi a kan fari.

Inda ba a isa a yi jayayya da shi ba shi ne hoto. Ya ɗauki hoto a matsayin kayan aiki, yana datse shi ba tausayi: ya yanke kan mutum don a ga hannu, ya tura mutum gefe har rabinsa ya fita daga shafi, ya hura ɗan ƙaramin yanki har ƙwayoyin fim su fito. Masu hoto da yawa sun ji zafin haka. Amma shi ne kuma ya buɗe wa Man Ray, Brassaï, Henri Cartier-Bresson, Bill Brandt da Lisette Model shafukan mujallar riguna, abin da ba kowane darakta zai yi ba. Shi da kansa littafin hoto ɗaya ya fitar, Ballet, a 1945, hotuna 104 da ya ɗauka da ƙaramar kyamara tsakanin 1935 da 1937, daga bayan dandali, ba fitila. Hotunan dishi-dishi ne, masu rawa sun zama kamar hayaƙi, haske ya ƙone wasu wuraren. A lokacin duk wannan kuskure ake kiransa. Ya jera su a littafi mai faɗi, kowanne har bakin takarda, hoton hagu yana zubowa cikin na dama, in kana juyawa kamar fim kake kallo. Kwafi 500 aka buga. In kana son ganin abin da nake nufi da tafiya daga buɗi zuwa buɗi ba tare da riguna sun ɗauke maka hankali ba, nan za ka duba, an sake buga shi daga baya.

Akwai kuma Portfolio, mujallar zane da ya yi da edita Frank Zachary a 1950 da 1951. Sun ƙi karɓar talla don kada ya ɓata musu shafi, suka sa takardu iri-iri, da shafuka masu ninki, har da samfurin takardar bango a liƙe a ciki. Fitowa uku ta yi kuɗi suka ƙare. Masu zane har yau suna neman kwafinta kamar zinariya. Ni kuwa duk lokacin da na tuna ta sai in tuna editanka.

Hanya ta biyu da tasirinsa ya bi ita ce aji. Tun 1933 ya buɗe abin da ya kira Design Laboratory a Philadelphia, daga baya ya mayar da shi New York, ya yi ta koyarwa har cikin shekarun 1960. Ba ya ba da ƙa'ida. Zai ba da aiki, a kawo, ya bi ɗaya bayan ɗaya yana turewa gefe, wanda ya tsaya a kansa ya yi sa'a. Kalmarsa da kowa ya sani ita ce "ba ni mamaki", kuma ita ma aro ce daga Diaghilev, wanda ya faɗa wa marubuci Jean Cocteau haka. Mutum ne mai wuyar sha'ani, yabo a bakinsa sai an tona. Mai hoto Irving Penn ɗalibinsa ne tun Philadelphia, ya kuma yi masa mataimaki. Lillian Bassman ta fito daga ajinsa har suka riƙe Junior Bazaar tare. Hiro, Art Kane, Eve Arnold, Garry Winogrand duk sun zauna a gabansa. Otto Storch ya halarci ajin, ya je ya juya McCall's, mujallar matan gida, ya mayar da kanun labari wani abu da ake ɗauka hoto tare da kaya. Henry Wolf, wanda ya gaje shi a 1958, shi ma ɗalibinsa ne. Daga baya Ruth Ansel da Bea Feitler suka riƙe kujerar tun suna 'yan shekara ashirin da wani abu. Da Liz Tilberis ta karɓi mujallar a 1992 ta ɗauko Fabien Baron, shi kuma ya koma ga Didot da farin fili, sai dai ya hura haruffan har suka zama su ne hoton. Agha ma ya bar magada, Cipe Pineles a hannunsa ta koyi aiki kafin ta riƙe Glamour da Seventeen da Charm, amma bai yi aji na shekara talatin ba.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Giya ta ci ƙarfinsa, gobara ta cinye masa ayyuka da yawa, ya rabu da mujallar a 1958. Ya tsara wa Avedon littafin Observations a 1959, ya koma Faransa a 1966, ya rasu a wani ƙauye da ake kira Le Thor a 1971.

Yanzu abin da zai amfane ka. Na farko ba a kwamfuta yake ba. Brodovitch yana cikin ɗakin tun ana shawarar me za a buga, wa zai ɗauki hoton, shafi nawa za a ba labarin. In kai sai an gama komai ake turo maka kalma 2,000 da hoto shida a ce ka zuba a shafi uku, ba ka da filin da za ka bari, kuma in ka ƙwace shi da ƙarfi ta hanyar ƙanƙance haruffa, mai karatu ka zalunta. Don haka ka nemi kujera a taron shirya fitowa. Kar ka je da maganar kyau, edita ba ya sayen kyau. Ka je da ciniki: a ba ka buɗi ɗaya tak a fitowar, na babban labari, ka yi shi da hoto ɗaya da kanu da 'yan layuka, kai kuma ka ɗauki alkawarin matse shafukan ƙananan labarai su ɗauki abin da ya ragu. Fili ɗaya a cikin mujalla cikakkiya ya fi fili goma ƙarfi, don yana da abin da zai bambanta da shi.

Sannan ka buga duk shafukan fitowar ƙanana, kowane buɗi kamar tafin hannu, ka jera su a ƙasa ko a bango, har da shafukan talla, don mai karatu da su yake gani. Ka ja da baya taku uku ka ɗan runtse ido har rubutu ya zama toka. Abin da za ka gani shi ne nauyi: ina duhu, ina haske, ina babba, ina ƙarami. In duk buɗe-buɗen nauyinsu ɗaya, to ba ka tsara komai ba tukuna, zubawa ka yi. Cikin hoto shida da aka ba ka, ɗaya ne ya cancanci girma. Ka nemo shi, ka ba shi shafi, biyu su zama ƙanana, uku ka mayar wa mai su. Za a yi maka ƙorafi, musamman mai hoton da wanda aka ɗauka. Ka tsaya a kan iri biyu na haruffa, ka sa bambancin girma tsakanin kanu da rubutu ya zama na gaske, don 14 kusa da 11 kamar kuskure yake, 60 kusa da 10 kuwa kowa ya san da gangan ne. Ka kuma riƙa tuna cewa shafin dama ido ya fi faɗawa in an juya, shi ya sa masu talla suke rububinsa.

In mujallar taku tana fita a waya ma, buɗi ya tafi, babu hagu babu dama, sai zubi ɗaya da yatsa ke ja sama. Jerin dai yana nan: abin da ya zo bayan wane, inda hoto ya cika allo, inda rubutu ya yi tsawo har yatsa ya gaji. Sai ka ɗauki hoton allon daga sama har ƙasa, ka ƙanƙance shi, ka yi masa kallon da za ka yi wa shafukan da ka baza a ƙasa. Didot kuma a ƙaramin allo, in dai ba a kanu ba, ka bar shi. Siraran layukansa a can ma nutsewa suke yi kamar yadda suka yi mini a takarda.